A Dawo da Leburorin Hanya a Tsaunin Mambilla

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida tamu mai farin jini domin in yi magana a kan hanyoyin da suka haɗa ƙananan garuruwan da ke kan tsaunin Mambilla, a Ƙaramar Hukumar Sardauna ta Jihar Taraba, musamman wadda ta tashi daga Nguroje ta nufi Mayo Ndaga har ta dangana da ƙauyukan bakin iyakar Kamaru. Duk lokacin da aka ambaci Mambilla a jaridu, abin da ake kawowa shi ne sanyi, da ganyen shayin Kakara, da garkunan shanu, da kuma tashar wutar lantarkin da aka daɗe ana jira. Ba kasafai ake maganar yadda mazaunin wurin yake fita daga garinsu zuwa garin da ke maƙwabtaka da shi ba, alhali kuwa wannan ita ce damuwar da yake kwana da ita yake tashi da ita na tsawon wata bakwai ko takwas a kowace shekara.

Domin amfanin wanda bai taɓa hawa ba, bari in fayyace yadda wurin yake. Babbar hanyar kwalta guda ɗaya ce ke kai mutum kan tsaunin daga Jalingo: a bi ta Bali, a wuce Serti inda hedikwatar gandun dajin Gashaka-Gumti take, a iso Mayo Selbe a gindin dutse, daga nan sai a kama hawa mai kwane-kwane har a fito Maisamari, sannan Nguroje, sannan Gembu. Wannan ta Gwamnatin Tarayya ce, tana kuma da nata matsalolin, amma ba ita ta sa na ɗauki alƙalami ba. Abin da ya dame ni shi ne rassan da suka fita daga jikinta, wato wanda ya tafi Mayo Ndaga da Kan Iyaka, da wanda ya shiga Kakara da Kusuku, da na Dorofi, da kuma na tsallaken kogin Donga zuwa Mbamnga da Warwar, inda aka shafe shekaru ana ƙetare ruwa da kwalekwale. Galibin waɗannan rassa na jar ƙasa ne, kuma a bakinsu ne mafi yawan jama'ar tsaunin suke zaune, Mambilawa da Fulani da Kaka da Panso da Kambu, da Hausawan da fatauci ya kai kakanninsu can.

Tsaunin yana da tsayin kimanin mita 1,600 daga saman teku, kuma ruwan saman da yake samu ya kai milimita 1,800 a shekara, wato kusan ninki biyu na abin da ake samu a Kano. Damina kan faɗi tun a watan Maris ko Afrilu, ba ta ɗaukewa sai wajen ƙarshen Oktoba. A nan ne tushen matsalar yake, domin abin da ke kashe hanya a kan dutse ruwa ne, tun kafin a zo maganar yawan motoci ko nauyin kaya. A shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ruwa kan kwanta a kan hanya ya jira rana ta busar da shi. A kan gangara kuwa ba ya tsayawa, gudu yake yi, kuma idan bai sami lambatun da zai bi a gefe ba sai ya bi sawun taya. Ruwan farko zai yi ɗan layi wanda bai wuce faɗin tafin hannu ba. Kafin a yi ruwa goma layin ya zama rami, kafin watan Agusta ramin ya zama kwazazzabon da zai haɗiye tayar babbar mota. Direba yana ganin haka sai ya kauce ya bi ta kan ciyawa, na bayansa ya bi sawunsa, ruwa kuma ya sami sabuwar hanya. Shi ya sa za ka ga a wasu gangarorin an yi sawu huɗu ko biyar jere da juna, kowanne ya mutu an bar shi, har hanyar ta cinye gefen gonar wani ko makiyayarsa.

Haka abin yake a wajen kwalbati. Kwalbatin da aka gina da kuɗi mai yawa, idan yashi da karan masara da ledoji suka toshe bakinsa, ruwa zai taru a bayansa ya haura ta kan hanya, ya dinga cin ƙasar da ke riƙe da shi ta ɗaya gefen, har wata rana a wayi gari a tarar da bututun a tsaye shi kaɗai a tsakiyar rafi, hanya ta yanke ta gaba da ta baya. Abin da ya kamata a yi tun farko bai wuce mutum ɗaya da shebur ya yashe bakin kwalbatin na rabin yini ba. Da ba a yi ba, sai aikin ya koma na ɗan kwangila da katafila da tifofi, wanda ba a samun kuɗinsa sai bayan shekara biyu ko uku.

Wanda yake so ya ga abin da idonsa, ya tsaya a gindin kowane hawa a ranar kasuwar Nguroje cikin watan Agusta. Zai ga tsofaffin Land Rover, waɗanda a sauran sassan ƙasar nan an daɗe da mantawa da su amma a nan su ne abin dogaro, an lafta musu buhunan masara da dankalin Turawa har sun fi tsayin motar, fasinjoji kuma a saman kaya. Direba zai sauke kowa, ya sa giya ta ɗaya, ya taka. Yaron mota yana biye a guje da weji a kafaɗa, da zarar ya ji inji ya shaƙe sai ya jefa shi bayan taya don kada motar ta koma da baya. Tayoyi suna juyawa a wuri ɗaya suna feshin jar laka, maza suna turawa, wasu suna sarar rassan itace suna shimfiɗawa a ƙarƙashi, mata da yara kuma sun yi gaba a ƙasa suna jira a kan tudu cikin hazo da sanyi. Idan Allah ya sa an haye, a sake loda mutane a nufi hawa na gaba. Idan kuwa mota ta kafe, to duk na bayanta sun kafe, kuma ba abin mamaki ba ne a kwana a wurin.

Kuɗin wannan wahala a kan talaka yake sauka. Da zarar ruwa ya zauna, kuɗin mota da na acaba sai ya ninka, kuma ba za a zargi direba ba, domin shi ya san abin da yake kashewa a kan kuloci da sifirin da taya, ga man fetur da ya yi tsada tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023. Manomi yana noma dankali da fiya da ayaba, kayan da ba sa jira, don haka duk farashin da mai saye ya yanka masa a bakin gona dole ya karɓa, tun da ya san idan ya ƙi kayan za su ruɓe a hannunsa. Taki da gishiri da siminti kuma idan za su shigo masa sai sun ɗauko kuɗin hanyar sun ɗora a kansu. Malamin makaranta ko ma'aikaciyar jinya da aka tura ɗaya daga cikin waɗannan ƙauyuka, abin da yake fara yi shi ne neman wanda zai taimaka a mayar da shi Gembu. Jarrabawar kammala sakandare ana yin ta ne daga Mayu zuwa Yuli, a tsakiyar ruwa. Mafi ciwo shi ne mace mai naƙuda da haihuwa ta zo mata da gardama cikin dare, a rasa abin ɗaukarta sai babur, ko kuma gadon kara da maza huɗu a kafaɗa. Ba na so in tsawaita a nan, domin duk wanda ya tashi a ƙauye ya san yadda irin wannan tafiya takan ƙare.

Akwai dalilai biyu da suka sa, a ganina, wannan hali ya daɗe bai sauya ba. Na farko shi ne manyan baƙi da rani suke zuwa. Zaɓen 2023 an yi shi ne a ranar 25 ga Fabrairu da 18 ga Maris, yaƙin neman zaɓe kuma ya gudana a watannin da suka gabace su, lokacin da laka ta bushe, ramuka suka cika da ƙura, ayarin manyan motoci ke wucewa ba tare da wani ya sauka ya tura ba. Wanda ya ga hanyar a watan Janairu zai rantse cewa masu kuka suna ƙara gishiri ne. Na biyu kuma shi ne rashin sanin mai hanya. A tsarin ƙasar nan hanyoyi kashi uku ne, na tarayya da na jiha da na ƙaramar hukuma, kuma daga cikin kimanin kilomita 195,000 da ake lissafawa, kusan kashi biyu cikin uku an bar su ne a wuyan ƙananan hukumomi, waɗanda su ne mafi ƙarancin kuɗi da injiniyoyi da kayan aiki. Hukumar gyaran hanyoyi ta FERMA da aka kafa a 2002 hanyoyin tarayya kaɗai take dubawa. Ko da hukuncin Kotun Ƙoli na ranar 11 ga Yulin 2024 ya tabbata, ƙananan hukumomi suka riƙa karɓar kasonsu kai tsaye, hanyar da ta ratsa gundumomi da yawa ta kai bakin iyakar ƙasa ta fi ƙarfin ƙaramar hukuma ɗaya. Don haka roƙona na farko ga mai girma Gwamna Agbu Kefas da Majalisar Dokoki ta Jiha shi ne a fitar da sunayen waɗannan rassa a rubuce, a bayyana su a matsayin hanyoyin jiha, domin jama'a su san ƙofar da za su ƙwanƙwasa.

Roƙona na biyu, wanda shi ne ainihin dalilin wannan wasiƙa, shi ne a dawo da leburorin hanya. Dattawanmu suna ba da labarin zamanin En'e, lokacin da kowace hanya a Arewa take da leburorinta na dindindin a ƙarƙashin hedman, suna da ɗan sansaninsu a bakin hanya, aikinsu kullum shi ne yashe lambatu, da cike rami tun yana ƙarami, da sare ciyawa, da gyara doron hanya yadda tsakiya za ta fi gefe tudu ruwa ya zube dama da hagu. Da kuɗin mai ya shigo sai aka raina wannan tsari, aka koma jiran kwangila. Ƙasar Kenya kuwa ta riƙe shi, tun daga shekarun 1970 da ta fara shirin hanyoyin karkara na aikin hannu, inda ake ba mutum ɗaya mazaunin wurin kimanin kilomita ɗaya da rabi zuwa biyu, a ba shi shebur da diga da baro, a biya shi a ƙarshen wata bayan mai duba aiki ya zo ya gani. Babu wurin da wannan ya fi dacewa da shi kamar tsaunin Mambilla, inda ruwa ke yin ɓarnarsa cikin dare ɗaya, kuma babu gireda da za ta taso daga Jalingo ta iso kafin gari ya waye. Mutumin da gidansa ke kallon kwalbati shi ne zai fita da safe ya buɗe shi. Hanya mai tsawon kilomita 40 ba ta buƙatar fiye da mutum ashirin zuwa talatin, kuma albashinsu a garin zai zauna.

Na san abin da za a ce, cewa mutanen tsauni kwalta suke so kamar kowa, kuma maganar shebur da baro koma-baya ce. Ni ma ina son kwalta, ba na kuma hana a shimfiɗa ta duk inda kuɗi ya kai. Sai dai kwaltar da ba a kula da lambatunta ba ita ma ruwa yana shiga ƙarƙashinta ya ɓantare ta, kuma duk wanda ya bi hanyoyin ƙasar nan ya ga sabuwar kwalta da ta mutu kafin wa'adin gwamnatin da ta ƙaddamar da ita ya cika. Har ila yau, ba dukan hanyar ce ke tsayar da mota ba. Direbobin Nguroje za su iya lissafa wa injiniya wuraren da ake kafewa ɗaya bayan ɗaya ba tare da sun duba takarda ba: hawa kaza, fadama kaza, rafi kaza. Idan aka zuba kankare ko aka jera dutse a kan waɗannan hawa masu santsi kaɗai, aka ɗaga hanya a fadamu aka zuba tsakuwa, aka tokare gaɓar da ke zaftarewa da kwandunan waya cike da duwatsu, aka kuma dasa jema a gefen gangara domin saiwarta ta riƙe ƙasa, to mota za ta wuce rani da damina da kuɗin da bai kai na kwaltar 'yan kilomitoci ba. Dutsen aikin ma ba sai an sayo shi daga nesa ba.

Za a kuma ce tsarin lebura ƙofa ce ta ma'aikatan bogi, kuma wannan tsoro yana da tushe. Maganinsa shi ne kada a ɗauki kowa daga ofis. Jauro da arɗo na kowane yanki su gabatar da mutumin a gaban jama'a, a kafa allo a bakin hanya mai ɗauke da lambar yankin da aka ba shi, a biya shi ta asusunsa kai tsaye, ƙungiyar direbobi kuma ta sa hannu a kan takardar duba aiki, tun da su ne suka fi kowa sanin inda aka yi aiki da inda aka yi barci.

Akwai kuma batun lokaci, wanda ake yawan mantawa da shi. Watannin aikin hanya a kan tsaunin daga Nuwamba ne zuwa Maris. Kasafin kuɗi kuwa ana sa masa hannu ne a ƙarshen Disamba ko a Janairu, kafin a tallata kwangila a tantance a saki kuɗin fara aiki, hadari ya riga ya haɗu. Ƙasar da aka tara aka baje a watan Mayu ba tare da an danne ta ba, laka take zama, har ta fi yadda aka same ta muni. Ya kamata Ma'aikatar Ayyuka ta ware wa ayyukan tsauni jadawalinsu daban, a gama takardu a Satumba da Oktoba, injuna su kasance a Nguroje da Gembu ranar da ruwa ya ɗauke.

Ba zan ɗora laifin duka a kan gwamnati ba, domin mu ma mazauna wurin muna da namu kason. Akwai manomin da ke toshe bakin lambatu don kada ruwa ya shiga gonarsa, sai ruwan ya koma kan hanya. Akwai garken shanun da ake korawa ta tsakiyar hanya bayan an ɗauke ruwa, kofato ya dama ta kamar an yi kwaɓin gini. Mafi ɓarna su ne manyan motocin katakon turare da ke shiga da lodin da ya wuce kima a ranar da aka kwana ana ruwa, mota ɗaya ta lalata abin da aikin gayya na gari guda ya gyara. Maƙwabtanmu na Kamaru suna da abin koyi a nan, domin a hanyoyinsu na ƙasa akwai shingen ruwa, inda ake tsayar da manyan motoci idan ana ruwa har sai hanya ta sha iska na wasu sa'o'i. 'Yan kasuwarmu da ke zuwa Banyo sun san wannan doka, suna kuma bin ta a can ba gardama. Ban ga dalilin da zai hana a kafa irinta a nan ba, muddin an sa ta a hannun masu sarauta da ƙungiyar direbobi, an kuma hana ta zama wani sabon shingen karɓar na goro.

Wani zai tambaya ko 'yan ƙauyukan nan sun cancanci wannan ɗawainiya. Ina tunatar da shi cewa wannan yanki yana cikin waɗanda suka kaɗa ƙuri'a a watan Fabrairun 1961 suka zaɓi zama a Nijeriya, aka kira shi Lardin Sardauna, sunan da ƙaramar hukumar ke ɗauke da shi har yau. Ta waɗannan rassa ne ake bi zuwa gindin Chappal Waddi, dutse mafi tsayi a ƙasar nan mai mita 2,419, wanda ake ta kiran masu yawon buɗe ido su zo su gani. A kan wannan tsauni ne aka tsara gina tashar wutar lantarkin da aka sa hannu a 2017 a kan kwangilarta ta megawat 3,050 a kan kusan dala biliyan 5.8, kuma ko yaushe aka tashi yin aikin, ma'aikata da abincinsu ta hanya za su bi. Rikicin ƙabilanci da ya auku a tsaunin a watan Yunin 2017 ma ya nuna cewa jami'an tsaro ba sa iya kai ɗauki inda mota ba ta zuwa. Shanun da ke sauka daga tsaunin zuwa kasuwannin ƙasar nan ana karɓar haraji a kansu, haka masara da katako, don haka ba sadaka ake roƙo ba.

Ƙaramar Hukumar Sardauna tana da kujeru uku a Majalisar Dokoki ta Jiha, wato Gembu da Nguroje da Mbamnga. Ina kira ga masu riƙe da su da su haɗa kai su nemi a sa layi na musamman a kasafin kuɗin shekara mai zuwa domin kula da hanyoyin tsauni, dabam da kuɗin sababbin ayyuka, a fara gwaji da hanyar Nguroje zuwa Mayo Ndaga na damina biyu, sannan a auna sakamakon da abin da kowa zai iya gani: kwana nawa hanya ta yanke, kuma nawa ake biyan kuɗin mota a watan Agusta idan aka kwatanta da na Janairu. Kai kuma Malam Edita, ina roƙon idan za ka turo wakilinka ya duba abin da na faɗa, ka turo shi a watan Agusta ko Satumba, ya hau motar haya daga tashar Nguroje a ranar kasuwa, ya kuma zo da takalmin roba da rigar sanyi.

Na gode da wannan fili da ka ba ni. Wassalam.

Naka,
Wani mai karatu daga Nguroje,
Ƙaramar Hukumar Sardauna, Jihar Taraba.